Basillar da Ta Sa Na Tare wa Inna Ƙofa

Da sunan Allah nake farawa, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sunana Habsu, matar mai ɗinkin buhu ce ni. Ina rubuta wannan don matan da mazajensu ke aiki a kasuwar albasa, da duk wanda ƙarfe ya taɓa soka ya kaɗa kai ya ce ba komai. Ba na fatan wata mace ta tsaya inda na tsaya.

Sunan maigidana ba zai fito daga bakina ba, ko a takarda. A kasuwar albasa ta Sabon Gida ana ce masa Na-Keita, don daga wani ƙauye na cikin duwatsun Keita ya zo cin rani, ya ga wuri ya zauna, ya aure ni. Aikinsa ɗinke bakin buhu. Ana cika buhu har albasa ta yi tozo, a kifa mata hular raga, shi kuma ya bi da basilla da igiya ya ɗinke kafin masu lodi su zo su sungume. Basillar tasa ta fi tafin hannuna tsawo, bakinta a ɗan lanƙwashe. Da bazara, in kamiyo, manyan motocin kaya, suka yi layi, ko ruwa a tsaye yake sha.

Abin dariya, mutumin da ke wuni da wannan ƙaton ƙarfe a hannu, allurar likita ce dodonsa. In na kai yara rigakafi ya raka mu, bayan katanga yake tsayawa yana duban sama, wai yana lissafin ko hadari zai haɗu. Na sha tsokanarsa a kan haka, yana cewa shi bai ga dalilin da mutum da lafiyarsa zai miƙa jikinsa a huda ba.

Wata Talata, zafi ya kai zafi, ya soka basillar a gefen buhu don ya gyara igiya. Buhun ya kife, basillar ta faɗa cikin ɓawon albasa da kashin jakan amalanke. Ba takalmi a ƙafarsa, don masu ɗinki ba sa aiki da takalmi, santsi yake musu in sun hau buhu. Ya taka ta, ta shige tafin ƙafarsa ta dama har kusan rabi. Ya zare ta da kansa. Wani direba ya tsiyaya masa man birki a ramin, kamar yadda suke yi wa kowane rauni a tasha, aka ɗaure da tsumma. Da basillar nan ya ƙarasa ɗinkin ranar.

Da ya dawo gida na kwance tsumman. Ramin bai fi ƙwayar dawa ba, ko jini ba ya yi.

"Mu tai likita a yi maka allura," na ce.

"Wadda tas soke ni ba ta isa ba, sai an ƙara mini wata?" in ji shi. "Habsu, kawo tuwo."

Na yi dariya na kawo tuwo. Dariyar nan har yau ina jin ta a kunnena, kuma ita ce nawa laifin. Na gasa masa ƙafar da ruwan zafi da gishiri, kwana uku bakin ramin ya rufe, muka ce alhamdu lillahi. Ashe rufewar da muke wa murna ita ce mugun abin. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kwana tara bayan haka ya zauna cin tuwo da rana, ya kai loma baki, ya mayar da ita cikin akushi. Ya ce muƙamuƙinsa ya yi tsami, in dama masa kunu. Na ce ko haƙori ne. Washegari wuyansa ya ƙage, in zai dube ni sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Bakinsa ba ya buɗuwa fiye da shigar yatsa. Abin da ya fara tsorata ni fuskarsa ce. Leɓɓansa suka ja baya, haƙoransa suka fito, kai ka ce dariya yake yi, alhali idanunsa cike suke da tsoro. Na ce masa ya bar yi mini wannan wasa. Ya ce ta tsakanin haƙora, "Ba ni ka yi ba."

Rana ta goma sha ɗaya ɗiyarmu ta saki kwano a tsakar gida. Ƙarar kwanon na tashi, sai na ga mijina ya sandare a kan tabarma, bayansa ya lanƙwashe kamar baka, ƙeyarsa da dugadugansa kaɗai ke taɓa ƙasa. Zufa ta karyo masa. Bai suma ba, idonsa na kaina har abin ya sake shi. Na kwashe yaran na kai wa ƙanwata, na kira wansa, Yaya Illa, wanda ke sayar da fatu a Madawa.

Yaya Illa ya zo a kan moto, wato babur, ya duba, ya ce wannan ba ciwon likita ba ne. Maƙwabta suka taru, kowa da tasa. Wata ta ce iska ce ta fadama, wani ya ce sanƙarau ne tunda lokacin zafi ne, wata tsohuwa ta ce a shafa masa man shanu da tafarnuwa. Ba wanda ya tuna da ƙafa, har ni. Da la'asar Yaya Illa ya dawo da wani mai magani daga wajen Galma. Mutumin ya turara ɗakin da hayaƙi, ya fito da ɗan gora mai tsakuwa a ciki, ya shiga kaɗa shi a kan maigidana yana surutai. Ya shafa bayansa, ya matsa, ya buɗe hannu, sai ga allurai uku masu tsatsa. Ya jefa su a ƙwaryar ruwa.

"Jihwa na," in ji shi. "Wani abokin aikinai na yay yi mai, don ya hi shi saurin hannu. Akwai saura huɗu ciki."

Ba zan yi ƙarya ba, da na ga alluran a ƙwarya na gaskata. Amma ina tsugune wajen kansa, na lura da wani abu. Duk sa'ad da goran ya yi ƙara, ciwon ya fizge shi. In goran ya yi shiru, ya lafa. Na faɗa wa Yaya Illa a hankali.

"To ai shi ke nan," ya ce. "Abin na jin zahi, shina son hita. Ke dai macce ta, ki yi kurum."

Na yi kurum, na bar su suka kaɗa masa gora har ya ciji harshensa jini ya biyo gefen bakinsa. Wannan ma ina cikin masu laifinsa.

Da safe, kafin mai maganin ya dawo cire sauran huɗun, na yafa mayafi na tafi likita, ɗan asibitin garinmu, ba tare da na tambayi kowa ba. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya saurare ni bai bari na gama ba ya ɗauki jakarsa. Da muka shiga ɗakin ya sa aka kashe turaren, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya gwada sa cokali a bakin, haƙora suka datse shi.

"Ƙarhe ya soke shi kwanan ga? Ƙusa, ko waya, ko ƙaya?"

Nan allura ta tono garma. Na ɗaga ƙafar na nuna masa ɗan baƙin tabon. Ya latsa gefensa, ruwa mai wari ya fito.

"Tetanos," in ji majo. Ya dube ni. "Lokacin da kike zuwa awon ciki, ba mu yi miki allura ga dantse ba?"

Na ce an yi mini, kowane ciki.

"To ta wanga ciwo ta. Ke da ɗiyanki kuna da kariya. Mazan ga su ba su zuwa. Da ya zaka ranar da abin yas same shi, mu wanke ramin mu yi mai allura, da yanzu shina kasuwa."

Shekara da shekaru ina miƙa dantse ana huda ni, ban taɓa tambayar ta mece ce ba. Wannan maganar ta majo ita ce ta fi komai ci mini rai, kuma saboda ita nake wannan rubutu. Ya zuƙo wani magani mai kwantar da jiki. Ina ganin idon maigidana na bin allurar tun daga kwalba har cinyarsa, ba bakin da zai ce a'a. Na so in tsokane shi, sai kuka ya zo mini.

Ambilas ta kai mu babban asibiti. Hanyar ba ta da nisa, amma kowane rami da motar ta faɗa sai da ya lanƙwasa shi. Na riƙe kansa ina roƙon direba ya tafi a hankali, majo ya ce a yi sauri, duka biyun kuma gaskiya ne. Da muka isa aka ajiye shi a baranda, ni na shiga layin karɓar takarda. Mutane na hayaniya, jarirai na kuka, wani na sauraron rediyo a salularsa, ni kuma ina layi ina hango shi yana sandarewa ba mai riƙe shi. Ban taɓa jin tsawon layi irin na ranar ba. Yaya Illa ya iso daga baya yana faɗa a kan na kunyata shi gaban mai magani. Duk da haka shi ya karɓi takardar magani ya zaga gari a kan moto, don ɗaya daga ciki babu shi a farmasin asibitin, kuma shi ya sayar mana da tunkiyata da ɗan ragonta da daraja. Ba zan ɓoye alherinsa ba don abin da ya biyo baya.

Lokotoron, wato babbar likitar wurin, mace ce, doguwa, Bazabarma, Hausarta a karye amma ba a kasa gane ta. Ta sa aka buɗe ramin ƙafar aka wanke, aka fitar da ɗan zaren buhu da basillar ta tura ciki. Aka yi masa allurai har na bar ƙidaya, aka ɗaura masa ruwa a hannu, aka zura siririn tiyo ta hancinsa don a riƙa ba shi kunu. Aka kai mu wani ɗan ɗaki a ƙarshen gini, aka rufe taga da bargo, aka toshe masa kunnuwa da auduga. Sannan ta ja ni waje.

"Madam, ki ji da kyau. Hankalinshi lahiya lau, yana jin komi. Ƙara, haske, taɓawa, kowane yana tada ciwo. In ya kama baya, yana sakewa. In ya kama nan," ta dafa maƙogwaronta, "numfashi ya tsaya. Mu muna ba da magani. Amma ƙofa, ke ce ƙofa. Ba mai shiga."

Na ce to, don ban san nauyin abin da na amsa ba. A wajenmu wanda bai je dubiya ba ya yanke zumunci, wanda ya hana dubiya kuwa ban ma san sunan da za a kira shi ba, don ban taɓa jin an yi ba.

Kwana biyu da kwanciyarmu abokan aikinsa suka zo, su wajen takwas, da ledar lemu da ƙullin albasa. Na fita na yi musu bayani, suka ce ai leƙawa kawai za su yi su yi addu'a. Na ji kunya, na kauce. Na gaba ya kwaɗa sallama irin ta kasuwa, salular wani ta ɗauki kiɗa a aljihu. Maigidana ya tashi sama daga kan gado, gadon ƙarfen na kaɗawa. Wannan karon ciwon bai sake shi ba. Leɓɓansa suka yi baƙi, ƙirjinsa ya tsaya cik. Na fita da gudu ba mayafi ina kiran ma'aikata. Suka zo suka tura magani ta tiyon hannunsa, suna danna wata jaka a kan fuskarsa. Ban san minti nawa aka yi ba. Da ya ja numfashi da wani irin gurnani, sai na zauna a ƙasa.

Lokotoro ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kawai, "In an yi na biyu, ban sani ba ko zai dawo."

Daga ranar na zama abin da ban san zan iya zama ba. Na cire takalmi, na kashe salula, na koyi tauna abinci a waje. Ɗakin kamar tanda, ba dama a kunna fanka, sai in jiƙa zane in rataya kusa da shi. Wani tsoho mai shara, Allah ya saka masa, ya ga ƙyauren na ƙara in an buɗe, ya zo da man keke ya ɗiga masa ba wanda ya sa shi. Duk wanda ya zo dubiya na tare shi tun daga baranda. Aka fara cewa matar Na-Keita ta yi girman kai, ta ɓoye miji. Na ji, na haɗiye.

Rana ta biyar a asibiti, da hantsi, na fito zubar da ruwa sai na ji salati daga bakin ƙofar asibiti. Na gane muryar. Inna ce, mahaifiyarsa. Ta taso daga ƙauyensu tun asuba, ta biyo ta Buza a bayan mota a kan hanyar nan ta duwatsu, tare da mata da maza na dangi, Yaya Illa na gaba. Tana tafe tana kiran ɗanta da sunan da take kiransa tun yana goye, tana kuka da iyakar muryarta, awarwaron hannunta na kaɗawa.

Shekara tara ina auren ɗanta. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba, in zan gaishe ta sai na durƙusa. Ban san lokacin da na ajiye bokitin na ruga na tsaya a bakin ƙofar ɗakin ba. Na ware hannuwa na dafa bango da bango.

"Inna, sannu da hanya. Don Allah ku yi kurum. Ba a shiga."

Ta tsaya tana dubana kamar ba ta ji Hausar ba. "Mi kinka ce?"

"Lokotoro ta hana. Ƙara na tada mai ciwon."

"Ɗiyar ga, kauce in ga ɗana. Ni na haihe shi."

Matan bayanta suka ɗauki salati, hayaniya na ƙaruwa, ni kuma ina jin gadon ƙarfen ya fara motsi a bayana. Tsoro ya rufe mini ido. Na dubi tsakiyar idonta na ce, "Ke kinka haihe shi, Inna. Amma in kinka shiga da kukan ga, ke za ki kashe shi."

Ni kaina na ji nauyin abin da ya fito daga bakina, amma ban sauke hannuwana ba.

Yaya Illa ya matso har ina jin hucinsa. "Uwarmu kika hwaɗa ma haka? To ki ji. In ya tashi, ba ki ƙara kwana gidanai. In kau ya cika uwatai ba ta gane shi ba, ke da Allah, kuma ke da mu hal ƙarshen rayuwakki."

Ma'aikata suka zo suka fitar da su. Da yamma dangin suka koma gida da fushinsu. Inna ta ƙi shiga mota. Akwai wani icen dogon yaro a farfajiyar asibitin, daidai inda ake hango ƙofar ɗakinmu. Ta shimfiɗa buhu a gindinsa ta zauna.

Sati na biyu shi ne mafi muni. Ciwon na tasowa ko ba ƙara, wani lokaci don kawai an zuba kunu a tiyo. Ya rame har ina ƙirga haƙarƙarinsa, bayansa ya fara yin gyambo. Jijiyoyin hannunsa suka gaji da huda, aka koma neman na ƙafa. Magani ya ƙare aka sake rubuto wani, 'yan kunnena na aure suka bi tunkiya. Maganar Yaya Illa kuwa ba ta bar ni ba. Ina zaune cikin duhu ina kallon ƙirjin mijina, ina cewa a raina in ya tsaya yanzu, na hana uwa ganin ɗanta na ƙarshe, da wane ido zan dubi mutane, da wane baki zan amsa wa Allah.

Inna ba ta yi mini magana. In na durƙusa na gaishe ta sai ta kau da kai. In na kai mata fura ta ture, ta ci na wasu 'yan jinya da suka saba da ita. Amma duk lokacin da na buɗe ƙofa, idonta na kan fuskata tana karanta ta. Na koyi gyaɗa mata kai sau ɗaya, ma'ana yana nan. Sai ta mayar da ido kan carbinta.

Rana ta goma sha biyu, kafin azahar, ciwon ya kama maƙogwaronsa sau biyu. Zazzaɓi ya hau. Lokotoro ta daɗe a kansa, ta fito ta jingina da bango, ta cire gilashinta.

"Madam, yau ban sani ba. In akwai wanda dole ya gan shi, mutum ɗaya, ba magana, ba kuka."

Na gane abin da take nufi. Na tsallaka farfajiyar nan, rana na dukan kaina, ƙafata ba takalmi ban ma ji zafin ƙasa ba. Na durƙusa gaban Inna.

"Inna, ki gahwarce ni. Lokotoro ta ce yau sai addu'a. Taso ki gane shi. Amma don Allah ba kuka."

Ta yunƙura ta miƙe da sauri har carbinta ya faɗi. Ta yi taku uku, ta tsaya. Ta sa hannu ta toshe bakinta, wani sauti na fitowa ta tsakanin yatsunta. Ta daɗe a haka tana duban ƙofar. Sannan ta juyo ta koma kan buhunta ta zauna.

"Ban iyawa," ta ce. Ita ce maganarta ta farko gare ni tun ranar ƙofa. "In na gane shi haka, bakina ba shi rihuwa. Na san kaina. Koma gare shi, kak ki bar shi shi ɗai."

"Inna, in kuma ya…"

"Na ce ki koma."

Na koma. Na zauna kusa da kunnensa, ban taɓa shi ba, ina karanta duk abin da na iya a zuci. La'asar ta yi yana numfashi. Gari ya waye yana numfashi. Na buɗe ƙofa na gyaɗa kai, tsohuwar ta kifa goshinta a ƙasa.

Daga nan abin ya fara ja da baya, a hankali ƙwarai. Fizgar ta ragu, ta koma sau uku a wuni, ta koma sau ɗaya. A sati na uku lokotoro ta riƙa auna bakinsa da yatsunta kowace safiya. Ranar da yatsa ɗaya ya shiga ta ce mini, "Ya fara buɗe ƙofa." Aka ɗage gefen bargon taga kaɗan.

Bari in faɗi yadda muka ƙare kafin in zo ga ranar da nake so in rufe da ita. Mun yi wata ɗaya da 'yan kwanaki a asibiti. Ya fito yana dogara sanda, damina ta wuce bai riƙe hauya ba, 'yan'uwana suka nome mana gona. Kafin a sallame mu aka fara masa allurar rigakafin, don lokotoro ta ce wannan ciwo ko ka yi shi ka tashi yana iya dawo maka. Da ƙafarsa ya je ya karɓi sauran, ko da yake har yanzu rufe ido yake yi. Ina nan a ɗakina. Yaya Illa yana amsa gaisuwata da ka, bai kuma sake cin abincin hannuna ba, kuma har gobe yana cewa da an bari an cire sauran allurai huɗun da ba a kai haka ba. Ku kuma da ke karantawa, in ƙarfe ya soki naku, ko ramin bai fi ƙwayar dawa ba, ku ja shi likita a ranar, ko yana zagi. Man birki na mota ne.

Rana ta ashirin da biyu yatsa biyu suka shiga bakinsa. Aka cire tiyon hanci, ya sha kunu da cokali. Da na sunkuya ina goge masa baki, ya yi magana, muryar a shaƙe.

"Na ji abin da kinka ce ma Inna."

Ashe audugar ba ta hana shi ji ba. Na ce, "Ka yahe mini."

Ya ce, "Ta koma gida?"

"Tana nan waje. Tun rannan."

Ya rufe ido, hawaye suka gangaro ta gefe zuwa kunnensa. Na je na tambayi lokotoro, ta ce mutum ɗaya, minti kaɗan, a hankali.

Inna ta ɗauki lokaci tana shiri. Ta yage bakin tsohon zanenta ta naɗe awarwaronta ɗaya bayan ɗaya don kada su kaɗa. Ta cire takalmi ta bar su a gindin bishiya. A bakin ƙofa ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije. Na buɗe mata, na koma gefe.

Ta tsaya a kansa. Ta dubi ƙasusuwan fuskarsa, da hannuwan da allura ta mayar baƙi, da ƙafar da ke naɗe. Ko tari ba ta yi ba. Ya buɗe ido ya ce, "Inna." Ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu kamar za ta shafa kansa, ta dube ni, na gyaɗa mata, ta ɗora yatsu biyu a goshinsa ta ɗauke. Sannan ta juya ta fita da sauri.

Ta taga na hango ta. Ta wuce bishiyar ba ta ɗauki takalmanta ba, ta wuce mai gadi, ta fita ƙofar asibiti, ta tsallaka titi har wajen masu sayar da itace. Can ta cire mayafin daga bakinta. Duk da nisan, kukan ya iso ɗakin, siriri, tana kiran sunansa na goyo.

Na zabura na sa tafukana na toshe masa kunnuwa, ina duban ƙirjinsa, ina jiran gadon ya motsa. Gadon bai motsa ba. Ya ɗago hannunsa da ƙyar, ya kama wuyan hannuna ya janye.

"Bar ni in ji ta," ya ce.